Ɗinkin Rubutun Barka da Sallah a Kan Yadi: Abin da Mai Koyo Ya Kamata Ya Sani

Ɗinkin gicciye wani nau'i ne na adon allura da zare, wanda ake yi ta hanyar gitta zare a kan zare cikin ɗan ƙaramin gida mai kusurwa huɗu, har su ba da siffar harafin X. Idan aka jera irin waɗannan gidaje bisa tsari, sai su fitar da tauraro ko jinjirin wata ko harafi. Sunan ya samo asali ne daga yadda zaren ke gittawa kawai. A lokutan bukukuwa, da wannan ɗinki ake rubuta gaisuwa irin su "Barka da Sallah" da "Barka da shan ruwa" da "Barka da zuwa" a kan rigar matashi, ko mayafin tebur, ko hankici, ko ƙyallen da za a sa a firam a rataye a bango.

Abin da ya bambanta shi da sauran ɗinke-ɗinken ado shi ne ƙirge. Mai ɗinkin fure yana iya kuskuren gida ɗaya, ido bai gane ba. Rubutu kuwa ba ya ɓoye kuskure, domin duk wanda ya iya karatu alƙali ne a kansa. Saboda haka rabin aikin yana ƙarewa ne a kan takarda, kafin a zura zare a kafar allura.

Asalinsa da matsayinsa a ƙasar Hausa

Adon tufa da allura tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. A zamanin Daular Sakkwato, wadda jihadin 1804 ya kafa, babbar riga mai aiki tana cikin manyan kyaututtukan da sarakuna ke karrama mutum da su. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya yi dogon bayani a kan girman cinikin tufafin birnin. Sunayen aikin riga irin su aska biyu da aska takwas da tambari da kwaɗo da linzami sun daɗe a bakin maɗinka, kuma sau da yawa malamai masu riƙe da alƙalami ne ke zana siffar aikin a kan riga kafin maɗinki ya bi da zare. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya yi nazari mai zurfi a kan wannan fasaha, shi ne kuma ya tsara baje kolin fasahohin Hausawa da aka yi a Landan a 1976.

Sai dai aikin babbar riga bin zane ake yi, ba ƙirgen gida ba. Ɗinkin gicciye ya fi kusa da ɗinkin hula, inda maɗinki ke cike ƙananan gidaje ɗaya bayan ɗaya har ado ya bayyana. A wasu sassan duniya ya yi suna tun da daɗewa. A Ingila akwai wani ƙyallen gwaji da wata mata mai suna Jane Bostocke ta ɗinka a 1598, ɗauke da haruffa da kwanan wata, yana ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Matan Falasɗinu kuma da shi suke ƙawata dogayen rigunansu, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sanya wannan ɗinki nasu cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A Arewacin Najeriya, makarantun 'yan mata na farko da gwamnati ta buɗe a Kano da Katsina a farkon shekarun 1930 sun sa aikin allura cikin darussansu, daga baya darasin tattalin gida ya ci gaba da yaɗa shi. Zanen gado da rigar matashi masu ɗauke da fure da gajeren rubutu sun zama sanannun kaya a jeren amare.

Dalilin da ya sa ya dace da yanki irin na Faru

Faru gari ne a Ƙaramar Hukumar Maradun ta Jihar Zamfara, garin shahararren makaɗin fada Alhaji Sa'idu Faru, wanda ya yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo kiɗa tun yana Talata Mafara, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Maradun da Bakura da Talata Mafara suna cin moriyar madatsar ruwan Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, don haka noma ne ginshiƙin arzikin yankin. Kuɗin manomi kuwa lokaci gare shi, alhali Sallah ba ta jiran kaka. Sana'ar cikin gida ita ke toshe wannan giɓi ga mata da 'yan mata da yawa.

Matsalar tsaro da ta addabi yankin ta ƙara wa irin wannan sana'a muhimmanci. A 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci, abin da ya shafi duk mai dogaro da cin kasuwa irin ta ranar Talata a Mafara. Ɗinkin gicciye ba ya buƙatar keke ko wutar lantarki ko shago. Kayan aikinsa gaba ɗaya suna shiga ƙaramar jaka, kuma wadda ta bar garinsu tana iya tafiya da sana'arta. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke birni, wanda ke neman abin da zai tallafa wa 'yan uwa a gida da shi, jari ne kaɗan da zai iya ɗorewa idan aka koyi aikin bisa ƙa'ida.

Kayan aiki

Yadi: Mafi sauƙi ga mai koyo shi ne yadin da ake kira Aida, wanda ake saƙawa da gidaje bayyanannu, kowane gida da huda a kusurwoyinsa huɗu. Ana auna shi da yawan gidajen da ke cikin inci ɗaya. Akwai mai 11, da mai 14, da mai 16, da mai 18. Gwargwadon yawan gidajen, gwargwadon ƙanƙantar rubutun. Mai 11 ko mai 14 ya fi dacewa da farawa. Daga waje ake shigo da shi, don haka inda babu shi ana iya amfani da yadi mai gida-gida irin na rigunan 'yan makaranta, a ɗauki kowane gida a matsayin gicciye ɗaya. Don gwajin hannu kuma, wankakken buhun algarara ya wadatar, a yi amfani da basilla da zaren ulu.

Zare: Zaren auduga na ado, irin na kamfanin DMC na Faransa ko Anchor, yana zuwa ne a ɗauri mai tsawon mita 8, kuma sili 6 ne aka murɗe wuri ɗaya. Ba a amfani da shi haka dunƙule. A yadi mai gida 14 sili 2 ake zarewa, a mai gida 11 kuma sili 3. Ke nan ɗauri ɗaya yana ba da mita 24 na zaren aiki idan ana amfani da sili 2.

Allura: Ana son mai dakusasshen baki da doguwar kafa, domin ta ratsa hudar da ke akwai ba tare da ta tsaga zaren yadin ba. Lamba 24 ta dace da yadi mai gida 14, lamba 22 kuma da mai gida 11. Idan ba a samu ba, ana iya goga bakin allura ta gida a kan dutse har kaifinta ya ragu.

Sauran kaya: Ƙaramin almakashi mai tsini, da zoben katako ko na roba da ke miƙar da yadi, da fensir da magogi, da littafin lissafi mai gida-gida irin na 'yan firamare. Wannan littafi shi ne mafi arha a cikin kayan, shi ne kuma ba a iya yi ba tare da shi ba.

Zaɓen kalma da daidaita rubutu

Mataki na farko shi ne a rubuta jimlar a takarda, a tabbatar da ƙa'idarta. Kalmar Sallah kanta tana da fuska biyu: daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa tana rubuta "Salla", jaridu da katunan gaisuwa kuwa sun saba da "Sallah". Duka biyun ana karanta su, amma ɗaya haruffa 5 ce, ɗaya 6, kuma wannan yana sauya lissafin gaba ɗaya. Dole a tsayar da ɗaya tun farko.

Sai raba kalmomi. "Allah ya maimaita mana" kalmomi 4 ne, ba a haɗe "ya" da "maimaita". Haka nan "Allah ya ba da zaman lafiya", wadda ake yawan rubuta wa amare, "ba" daban take, "da" daban.

Akwai kuma batun ladabi. Malamai suna gargaɗi kan sanya sunan Allah ko ayar Alƙur'ani a kan abin da za a zauna a kai, ko a taka, ko a goge hannu da shi. Don haka jimlar da ke ɗauke da sunan Allah wurinta bango ne, cikin firam. Rigar matashin kujera da hankici da mayafin tire sai a bar musu gaisuwa zalla, kamar "Barka da Sallah" ko "Sannu da zuwa". Mai ɗinka wa abokan ciniki Kirista zai bi hanyar lissafi iri ɗaya wajen rubuta "Barka da Kirsimeti" ko "Barka da Sabuwar Shekara".

Lissafin gidaje

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Harafin da ya fi sauƙi ga mai farawa shi ne babban baƙi mai faɗin gida 5 da tsawon gida 7. A bar gida 1 tsakanin harafi da harafi, gida 3 tsakanin kalma da kalma. Ga yadda lissafin BARKA DA SALLAH yake:

BARKA haruffa 5 ne, gida 25, da tazara 4, jimla 29. DA haruffa 2 ne, gida 10, da tazara 1, jimla 11. SALLAH haruffa 6 ne, gida 30, da tazara 5, jimla 35. Tazarar kalmomi guda 2 ta ba da gida 6. Idan aka tara, faɗin rubutun gida 81 ne, tsawonsa gida 7.

Don sanin girmansa a kan yadi, sai a raba 81 da yawan gidajen inci. A yadi mai gida 14 zai kai kusan inci 6, wato santimita 15 ba kaɗan, tsawonsa kuma rabin inci. A yadi mai gida 11 zai haura inci 7, kusan santimita 19. A ƙara inci 3 a kowane gefe saboda kalmasa ko sa firam. Ke nan a yadi mai gida 14 ana buƙatar ƙyalle mai faɗin inci 12 da tsawon inci 7.

Abu na gaba shi ne gano tsakiya. Tsakiyar 81 ita ce gida na 41. BARKA ta cinye gida na 1 zuwa na 29, D ta ɗauki na 33 zuwa na 37, A ta DA kuma na 39 zuwa na 43. Ashe gida na 41 ya faɗa daidai tsakiyar wannan A, kuma daga nan ake fara ɗinki. Da SALLA aka zaɓa, faɗin zai dawo gida 75, tsakiya ta koma gida na 38, wato tazarar da ke tsakanin D da A. Wanda ya fara daga gefen hagu ba tare da wannan lissafi ba, shi ne kan wayi gari harafin ƙarshe ya rasa wurin zama.

Idan ƙyallen ba shi da faɗi, ana iya raba jimlar layi biyu. BARKA DA tana da gida 43, SALLAH tana da 35. Bambancinsu gida 8 ne, don haka layi na biyu zai shiga ciki da gida 4 a kowane gefe. A bar gida 3 tsakanin layukan, tsawon rubutun ya zama gida 17.

Ba duk haruffa ne ke da faɗi ɗaya ba. I tana wadatuwa da gida 3 ko ma 1, M da W kuwa sun fi kyau a gida 7. Wannan ya sa ake zana kowace jimla a littafi mai gida-gida, ana sa alamar X a duk gidan da za a ɗinka, sannan a ƙirga abin da ido ya gani a takardar. A irin wannan tsari, L tana cin gicciye 11, H tana cin 17, B tana cin 20, jimlar gaba ɗaya kuma ta ɗan haura gicciye 200. Ɗaurin zare guda ya isa har da saura.

Haruffa masu lanƙwasa

Yawancin samfuran haruffan da ake samu a littattafai da intanet an tsara su ne don harsunan Turai, ba su da Ɓ da Ɗ da Ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930. Mai ɗinki shi zai ƙirƙira wa kansa. Tsallake lanƙwasar ba ƙaramin abu ba ne, domin tana sauya ma'ana. Wanda ya so rubuta "Barka da zuwa baƙi" ya manta da ita, baki ya yi wa maraba. Haka tsakanin fada da faɗa, ko da da ɗa.

A manyan baƙaƙe, lanƙwasar Ɓ da Ɗ tana sama ta gefen hagu. Sai a ƙara gida 2 a hagun harafin, layin saman ya miƙe zuwa can, sannan ya sauko da gida 1 ko 2. Faɗin harafin ya zama gida 7. Ita kuwa Ƙ, hannunta na sama ne ke lanƙwashewa ta dama, don haka gida 1 ake ƙarawa a dama. Waɗannan ƙarin gidaje dole su shiga lissafin faɗi tun farko. Alamar ɗauri da ke cikin Juma'a da 'ya'ya tana buƙatar faɗin gida 1 da tsawon gida 2 a saman layi, da tazarar gida 1 a gefenta. Mai ɗinka wa mutanen Nijar ya tuna cewa a can ƴ suke rubutawa inda Najeriya ke rubuta 'y.

Rubutun ajami

Masu saye da yawa sun fi son gaisuwar da ajami. Rubutun allo da aka saba da shi, mai bin salon Magaribi da ruwayar Warshu, yana da gantsara da zagaye, waɗanda ba sa zama da kyau a cikin ƙananan gidaje. Akwai mafita biyu. Ta farko ita ce a ƙara girman haruffa zuwa tsawon gida 14 ko fiye, domin zagayen ya samu wurin fita. Ta biyu ita ce a koma ga salon Kufi mai kusurwa huɗu, wanda magina a Iran da Samarkand suka daɗe suna jerawa da tubali a bangon masallatai. Da yake a kan gidaje aka gina shi tun asali, yana zama a yadin Aida ba tare da wahala ba.

A ajami ɗigo shi ne rai. A salon Magaribi, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama, kuma wasalin e ɗigo ne a ƙarƙashin harafi. Kowane ɗigo a ba shi gida 1 cikakke, da tazarar gida 1 daga jikin harafi, don kada ya manne. Rubutun daga dama yake tafiya zuwa hagu, amma ɗinkin daga tsakiya zai fara kamar na boko. Yana da kyau malamin allo ya duba zanen kafin a taɓa yadi. Ajamin da ke jikin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 misali ne na kusa ga mai son ganin yadda haruffa ke haɗuwa.

Yadda ake ɗinkin

Da farko a kalmashe bakin ƙyallen ko a zagaye shi da zare don kada ya zare. A ninka shi biyu a tsaye, a sake ninkawa a kwance. Inda layukan ninkin suka haɗu nan ne tsakiya. A ja zare mai wani launi sako-sako a kan layukan biyu ya zama jagora, za a cire shi a ƙarshe. Sannan a ɗaura ƙyallen a zobe, ya miƙe ba tare da gidajen sun karkace ba.

A yanki zare tsawon kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kimanin santimita 45. Wanda ya fi haka yakan harɗe, ya kuma yi gashi. A zare silin ɗaya bayan ɗaya, sannan a haɗa biyun a zura a allura.

Ba a yin ƙulli a wannan ɗinki, saboda yana yin tudu a baya, yana kuma iya kutsowa ta huda. A bar wutsiyar zare kamar santimita 3 a bayan yadi, ɗinki 4 ko 5 na farko su danne ta. Idan zare ya kusa ƙarewa, sai a cusa allurar ƙarƙashin ɗinki 4 na baya, a yanke.

Allura tana fitowa ta hudar ƙasa ta hagu, ta shiga ta hudar sama ta dama. Wannan rabin gicciye ke nan. Sai ta fito ta ƙasa ta dama, ta shiga ta sama ta hagu, gicciye ya cika. Idan gidaje suna jere a layi, kamar ƙasan L ko tsakiyar H, ya fi sauri a yi rabin duka a tafi, a dawo ana rufewa. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce zaren sama na kowane gicciye ya fuskanci gefe ɗaya daga farkon aiki zuwa ƙarshensa. Idan wasu suka juya, haske zai faɗa musu daban, harafin ya yi dabbare-dabbare.

Kada a ja zare da ƙarfi har huda ta buɗe, kada kuma a bar shi ya yi lilo. Lokaci-lokaci a saki allurar ta rataya, murɗin zaren ya warware. Tsakanin harafi da harafi ana iya tsallakawa da zare ta baya idan gida 1 ko 2 ne. Tsakanin kalmomi kuwa a yanke a sake farawa, musamman idan zare mai duhu ne a kan farin yadi, domin inuwarsa tana bayyana ta gaba.

Bayan kowane harafi a tsaya a ƙirga, a gwada da takarda. Kuskuren da aka gano nan take, da bakin allura ake warware shi cikin ɗan lokaci. Wanda ba a gano ba sai bayan haruffa biyar, dukkansu zai tashi.

Ƙananan rubutu, kamar suna ko shekara, ana yin su da ɗinkin koma-baya da sili 1, wanda ke ba da siririn layi kamar na alƙalami.

Launi da ado

Rubutu ana yin sa ne don a karanta daga nesa, don haka zare da yadi su yi hannun riga a launi. Kore mai duhu ko shuɗi ko ja a kan fari suna fita sarai. Rawaya a kan fari tana ɓacewa. Baƙin yadi da zaren ruwan zinare suna da kyau, amma hudar baƙin yadi tana wahalar gani, zare mai ƙyalli kuma yana yawan tsinkewa, don haka mai koyo ya jinkirta su.

Launi biyu sun isa aikin farko: ɗaya na rubutu, ɗaya na ado. Jinjirin wata da tauraro da hasumiyar masallaci da fitila da dagi duk suna zama a kan gidaje. Wasu masu saye ba sa son siffar abu mai rai, don haka a tambaya kafin a ɗinka rago ko doki. A gama rubutu tukuna kafin a shiga ado, a kuma bar aƙalla gida 4 tsakaninsu.

Lokacin farawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙaramar Sallah tana zuwa ranar 1 ga Shawwal, Babbar Sallah ranar 10 ga Zulhajji, Maulidi kuma ranar 12 ga Rabi'ul Awwal. Kayan Ƙaramar Sallah a Sha'aban ya kamata a fara su, domin azumi da hidimar buɗa-baki suna rage lokaci da ƙarfin ido. Tsakanin Sallolin biyu kwana 70 ne ko kusa da haka, wanda ya ishi shirya kayan layya.

Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. A Najeriya an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilun 2024, ta shekarar da ta biyo kuma ranar 30 ga Maris ɗin 2025. Ranar kuma ba ta tabbata sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata. Saboda haka ba a ɗinka kwanan wata tun kafin sanarwa. Shekara ma, idan don sayarwa ake yi, barinta ya fi, domin abin da bai ƙare bana ba zai shiga kasuwa baɗi. Idan mai saye ya nace, sai a ware wa shekarar wuri a ƙasa, a yi ta da ɗinkin koma-baya, yadda za a iya warware ta a sauya.

Wanki da guga

Kafin a fara aiki a gwada zaren: a jiƙa guntunsa, a matse shi cikin farin ƙyalle. Idan ya bar launi, zai zuba a wanki, kuma ja da shuɗi mai duhu sun fi yawan yin haka. A wanke hannu kafin a taɓa yadi, musamman bayan girki ko shafa mai. A lokacin hunturu a riƙa ajiye aikin cikin leda ko tsabtataccen ƙyalle saboda ƙura, a cire shi daga zobe duk lokacin da aka tashi don kada ya bar shaida.

Bayan an gama, a wanke da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ba tare da cuɗawa ko murɗewa ba. A naɗe shi cikin tawul ya tsotse ruwan, a shanya a inuwa. A kifa fuskar aikin a kan tawul mai laushi a goge ta baya, domin gicciyen ya tsaya da tudunsa. Mai amfani da dutsen guga na gawayi ya shimfiɗa wani ƙyalle a sama saboda toka da tartsatsi.

Ciniki

Injinan ɗinki masu aiki da kwamfuta sun fi hannu sauri, kuma ba a gasa da su a yawa. Inda aikin hannu ke da kasuwa shi ne abin da aka yi don mutum ɗaya: sunan amarya, ko na jariri, ko gaisuwar dawowa daga aikin Hajji, ko kyautar da ma'aikaci zai kai wa na gaba da shi. Irin wannan aiki kuwa idan aka kuskure harafi, babu wanda za a sayar wa.

Don haka a sa mai saye ya rubuta abin da yake so da hannunsa, ko ya turo a rubuce ta waya. A nuna masa zanen takarda ya amince, sannan a karɓi kafin alƙalami. Sunaye suna da rubutu iri-iri, kamar Muhammad da Muhammadu, ko Aisha da A'isha, kuma kowa ya san nasa.

Wajen yanke farashi, mai ɗinki ya auna saurin hannunsa: ya ɗinka gicciye 50 yana duban agogo, ya ƙirga gicciyen da ke cikin zanen, daga nan ya san sa'o'in da aikin zai ci. Sai ya tara kuɗin yadi da zare da firam, ya ɗora ladan lokacinsa. Yawancin masu sana'ar hannu a nan suke faɗuwa, domin kuɗin kaya kawai suke ƙirgawa.

Ga mai farawa, aikin farko ya zama kalma ɗaya, BARKA, mai gida 29 a faɗi da 7 a tsawo, a kan guntun ƙyalle. A cikinta akwai miƙaƙƙen layi da zagaye da karkataccen layi, wato duk abin da sauran haruffa ke buƙata. Kada a yar da littafin zanen bayan an gama. Kowane harafi da aka daidaita a cikinsa, musamman Ɓ da Ɗ da Ƙ, zai yi amfani a Sallar gaba, zai kuma zama abin koyar da 'yan baya.